Takardar Asibitin Kuɗi Da Hakkin Yaro A Makaranta

Akwai wata gardama da ta daɗe tana ci tsakanin iyayen yara da hukumomin makarantu a ƙasar Ingila, mun kuwa ga ya kamata mu kawo ta gaban masu karanta wannan jarida, musamman malaman makaranta da malaman ofis, tun da ya ke ta hannunsu takardun jama'a ke bi. Gardamar ita ce wannan. Uba ya ga ɗansa ba ya tafiya daidai da tsararrakinsa wajen magana, ko karatu, ko natsuwa. Ya jira asibitin gwamnati har ya gaji, ya ciro kuɗi daga aljihunsa ya kai yaron asibitin kuɗi, aka duba shi, aka ba shi takarda. Shin wajibi ne makaranta ta karɓi takardar nan ta yi aiki da ita, ko kuwa tana da ikon ta ce ba ta san zancen ba sai ta ga hatimin gwamnati?

Mu dai a ganinmu, takardar likita da irin binciken da aka yi kafin a rubuta ta a ke auna ta, ko wane ne ya biya. Abin da ya fi wannan nauyi kuma, bai kamata makaranta ta jingine taimakon yaro har sai wata takarda ta iso ba, ta gwamnati ce ko ta kuɗi. Ga dalilanmu.

Waɗanne Yara Ne?

Tun da farko ya kamata a san irin yaran da a ke magana a kansu, don kada mai karatu ya zaci masu taɓin hankali ne. Yara ne waɗanda ƙwaƙwalwarsu ta taso bisa wani tsari dabam da na sauran yara tun suna ƙanana. Iri uku ne aka fi neman a duba.

Na farko shi ne abin da likitoci ke kira otizim. Wani likita mai suna Leo Kanner, a birnin Baltimo na Amurka, ya bayyana shi a 1943 bayan ya lura da yara 11. Mai wannan lalura ya kan sha wuya wajen cuɗanya da mutane, ba ya saurin gane habaici ko abin da fuska ke nufi, yana son al'amura su tafi yau kamar yadda suka tafi jiya, ƙarar da ba ta dami kowa ba kuma ta kan gigita shi. A cikinsu akwai wanda ba ya magana sam, akwai kuma wanda ya fi kowa lissafi a ajinsu. Gidajen rediyonmu su kan ce galahanga, amma kalmar nan ta yi faɗi, tana kwaso yaran da lalurarsu ba ɗaya ba ce, saboda haka muka riƙe sunan da likitoci suka ba shi.

Na biyu shi ne rashin natsuwa mai tsanani, wanda a ke taƙaita sunansa da haruffan ADHD. Yaro ya kasa tsai da hankalinsa ga abu guda, ya kasa zama, ya kan aikata kafin ya yi tunani. Tun a 1902 wani likitan yara a Landan, George Still, ya yi lacca a kan yara masu irin wannan hali. Na uku kuwa wuyar karatu ce, watau disleksiya. A 1896 wani likitan Ingila, Pringle Morgan, ya ba da labarin wani yaro ɗan shekara 14, mai kaifin basira, mai son lissafi, amma haɗa baƙi ya gagare shi.

Babu ɗaya daga cikin ukun nan da a ke ganewa da gwajin jini ko ɗaukar hoto. Ana gane su ne da tambayar iyaye tarihin yaro tun daga goyo, da zama a kalli yadda ya ke wasa da magana, da gwada shi a karatu da rubutu, da kuma jin ta bakin malamin da ke wuni da shi a aji. Mai karatu ya riƙe wannan, domin a kansa sauran maganar ta doru.

Layin Asibiti

Tun 1948 Ingila ke da hukumar lafiya ta gwamnati, wadda su ke kira NHS, inda a ke duba kowa kyauta. Suna kuma da wata hukuma mai tsara wa likitoci ƙa'idojin aiki, sunanta NICE. A 2011 wannan hukuma ta ce yaron da aka tura don a duba ko yana da otizim, a fara duba shi cikin wata uku. Haka ƙa'ida ta ce. Amma a watan Satumba na 2024 mutanen da ke jiran wannan dubawa a Ingila, manya da yara, sun haura 200,000, mafi yawansu kuwa sun riga sun wuce wata ukun. A watan Oktoba na 2024 Kwamishinar Yara ta Ingila, Rachel de Souza, ta fitar da rahoto wanda ya ƙiyasta wajen yara 400,000 ne ke neman a duba su saboda lalurori irin waɗannan, ya kuma nuna da yawa daga cikinsu su kan yi fiye da shekara biyu kafin a faɗa musu abin da ke damunsu.

Shekara biyu ga magidanci ba wani abu ba ne. Ga yaro ɗan shekara shida kuwa sulusin rayuwarsa ke nan, a cikinsu ne kuma a ke koyon haɗa baƙi da ƙidaya. In ya rasa su, ba ofishin da zai mayar masa. Abin da ya fi muni, a cikin shekarun nan ne yaro ke yanke wa kansa hukunci cewa shi daƙiƙi ne, ya tsani makaranta, har safiya ta zame masa ranar kuka. Icce tun yana ɗanye a ke tanƙwara shi. Saboda haka ba mu ga laifin uban da ya sayar da abin hannunsa ya nufi asibitin kuɗi ba, ko da ya ke kuɗin duba yaro ɗaya ya kan haura fam 1,000, na otizim ma sau da yawa ya kan kai fam 2,000.

Hujjar Makarantu

Kada mu yi wa malamai rashin adalci, suna da abin faɗi. Na ɗaya, su kan ce wanda aka biya ya kan so ya faranta wa wanda ya biya shi. Wannan zato bai rasa tushe ba. A watan Mayu na 2023 gidan talabijin na BBC ya nuna wani shiri inda wakilinsu, wanda babban mutum ne, ya je asibitocin kuɗi uku ta intanet, duka ukun suka ce yana da ADHD, alhali wani babban likitan gwamnati da ya zauna da shi na tsawon lokaci ya ce ba shi da ita. Mutane da yawa sun soki shirin, sun ce ya jefa masu lalurar gaskiya cikin zargi, amma dai ya nuna cewa inda layi ya yi tsawo, 'yan kasuwa ba su rasa kafa rumfa. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Na biyu, su kan ce an rubuta takarda a kan ɗalibinsu ba a tambaye su kome ba, sa'an nan a kawo musu jerin abubuwan da za su yi, waɗansu ma sai da kuɗi. A Ingila kuwa makaranta ce ke ɗaukar nauyin fam 6,000 na farko a shekara a kan ƙarin taimakon yaro ɗaya, kafin ƙaramar hukuma ta sa hannu. Na uku, kuma shi ne ya fi ƙarfi, su kan ce in suka fifita mai takarda, ina makomar ɗan talakan da ke zaune kusa da shi, mai lalura iri ɗaya, wanda ubansa ba shi da fam 2,000?

Mun ji duka. Amma ko ɗaya daga cikinsu bai isa ya sa a tura takarda gefe ba a karanta ba.

Yadda A Ke Auna Takarda

Likitan asibitin kuɗi da na gwamnati rajistarsu ɗaya ce, a wurin majalisar likitoci guda, wadda aka kafa tun 1858. Sau da yawa ma mutum ɗaya ne, waɗansu ranaku yana aikin gwamnati, waɗansu yana nasa. Bayan wannan, tun 2014 aka ba mutanen Ingila ikon su zaɓi inda za a duba su a kan lalurar ƙwaƙwalwa, muddin wurin yana da kwangila da NHS, gwamnati ta biya. Ta wannan hanya asibitocin kuɗi da dama suna duba yara da kuɗin gwamnati. To, in likita ɗaya ya duba yara biyu a ɗaki ɗaya, bisa hanya ɗaya, wannan gwamnati ta biya masa, wancan ubansa ya biya, da wace hujja za a karɓi takarda guda a ƙi guda?

Dokarsu ma ba ta goyi bayan ƙin ba. A ƙarƙashin dokar yara da iyali ta 2014, yaron da buƙatarsa ta fi ƙarfin makaranta ana iya nema masa wata takardar shiri wadda ta haɗa ilminsa da lafiyarsa da kulawarsa. Ƙaramar hukuma ce ke bayarwa, watau kamar abin da iyayenmu suka sani da En'e, an kuma yanka mata mako 20 ta gama. Ƙa'idojin da suka biyo dokar sun wajabta wa hukumar ta duba duk bayanin da iyaye suka kawo, ba a ware na asibitin kuɗi ba. In aka saɓa, akwai kotu ta musamman. A shekarar 2022 zuwa 2023, cikin ko wace ƙara 100 da kotun nan ta yanke wa hukunci, iyaye sun yi nasara a 98, ko a duka abin da suka nema ko a wani sashensa. Ofishin da a ke kayar da shi haka a gaban alƙali, lalle ya kamata ya sake duba yadda ya ke amsa wa mutane.

Maganin takardar banza shi ne a iya gane ta, gane ta kuwa bai fi ƙarfin babban malami ba. Ƙa'idar NICE ta ce duba otizim aikin ƙungiya ne: likitan yara ko likitan ƙwaƙwalwa na yara, da masanin gyaran magana, da masanin halayyar ɗan Adam. Ta ce kada a dogara ga gwaji guda kaɗai. A kan ADHD kuma, ƙa'idar 2018 ta ce sai an ga alamun a wuri biyu ko fiye, kamar gida da makaranta. Saboda haka sai babban malami ya tambaya: Wa ya duba yaron, yana da rajista? Su nawa ne? Sun zauna da shi, har tsawon wane lokaci? Sun nemi bayani daga makaranta? Sun tabbatar yana ji sosai, yana gani sosai, yana samun barci, ba wani baƙin ciki ne a gida ke cinsa ba? Takardar da ta amsa waɗannan ta cancanci a girmama ta. Wadda ta kasa amsa su mai rauni ce, ko da hatimin gwamnati goma ne a kanta, sai a kira iyaye a gaya musu abin da ya rage, cikin mutunci.

Buƙata Ita Ce Ma'auni

Yanzu sai ɗan talakan nan da malamai suka tuna mana da shi. Amsar maganarsa tana cikin tarihin Ingila kanta. A 1945 ƙa'idojinsu sun kasa yara masu naƙasa kashi 11, ko wane yaro a liƙa masa suna, sunan ne ke nuna makarantar da za a kai shi. A 1978 wani kwamiti a ƙarƙashin Mary Warnock ya ce a bar wannan hanya. Ya ƙiyasta cewa wajen yaro ɗaya cikin biyar zai buƙaci taimako na musamman a wani lokaci cikin karatunsa, ya ba da shawara a riƙa duban abin da yaro ke buƙata don ya koya. Dokar ilmi ta 1981 ta bi wannan shawara, ta 2014 ta ɗora a kanta. Dokar 2014 ta ce makaranta ta yi iyakar ƙoƙarinta ga duk ɗalibin da koyo ke yi wa wuya fiye da tsararrakinsa, ba ta gindaya sharaɗin takardar likita ba. Littafin ƙa'idoji na 2015 ya shimfiɗa matakai huɗu: a auna yaro, a tsara taimako, a aikata, a komo a duba ko ya yi amfani. Ya ce ko wace makaranta ta kasance da malami guda mai kula da wannan aiki, a kuma zauna da iyaye aƙalla sau uku a shekara. Dokar daidaito ta 2010 ita ma ta wajabta wa makarantu su yi sassaucin da ya dace ga ɗalibi mai naƙasa, ta kuwa bayyana naƙasa da irin cikas ɗin da ta ke jawo wa mutum da kuma daɗewarsa.

Ashe ke nan malamin da ya ce wa uba ba abin da za a yi sai takarda ta zo, ya faɗi al'adar ofis ne, doka ba ta ce haka ba. Ta yaya al'adar ta samu? Daga ƙarancin kuɗi. Yaran da ke da takardar shiri, ko irinta ta dā, wajen 240,000 ne a 2015. A Janairun 2024 sun kai 576,000. A 2023 wajen rabin takardun kaɗai aka gama cikin mako 20 ɗin. A Oktoban 2024 ofishin binciken kuɗin gwamnati ya ce tsarin ba zai ɗore a haka ba. In masu nema suka yi yawa abin rabo ya yi kaɗan, mai rabo ya kan ƙago sharaɗi don ya rage layi, sharaɗin da ya fi sauƙi kuwa shi ne a ce kawo takarda. Da zarar an faɗi haka, an mai da taimakon yaro hajar sayarwa, domin mai kuɗi zai samo takarda cikin makonni, talaka ya yi shekaru. Watau makarantar da ke neman takarda kafin ta motsa ita ce ke haifar da rashin adalcin da ta ke kuka da shi. In ta taimaki ko wane yaro bisa abin da malaminsa ya gani, mai takarda bai tsere wa maras takarda da kome ba, sai ƙarin bayani.

Yawancin taimakon ma ba ya cin kwabo. A zaunar da yaro gaba, nesa da taga. A ba shi umurni ɗaya, ya gama, sa'an nan a ba shi na biyu. A zana masa tsarin yini da hotuna, a gaya masa tun da wuri in za a sauya wani abu. Wanda zama ke gagara a aike shi ya ɗauko alli, ya motsa jini ya dawo. Wanda karatu ke yi wa wuya a karanta masa tambaya da baki. Ba ɗaya daga cikin waɗannan da zai cuci yaro ko da daga baya likita ya ce ba shi da kome.

Ga Iyaye

Su ma iyaye muna da jan kunne gare su. Kafin a biya, a fara zama da makaranta, a nemi malami ya rubuta abin da ya gani, a kai wa likita. Ba a fafe gora ranar tafiya. A Ingila hukumomin jarrabawa su kan ƙara wa ɗalibi mai wuyar karatu rubu'in lokaci, amma ƙa'idarsu ta ce gwajin da iyaye suka biya aka yi ba tare da an fara shawara da makaranta ba, ba za a kafa hujja da shi ba, kuma sai in ɗalibin ya saba samun irin wannan sassauci a aji. Hakanan maganin ADHD: in likitan kuɗi ya fara bayarwa, ba tilas ba ne likitan unguwa na gwamnati ya karɓi ci gaba da rubuta shi, in kuwa ya ƙi, iyaye ne za su yi ta saye. Takarda kuma shaida ce, ba ta tilasta wa makaranta ta bi ko wace shawara da ke cikinta. Wanda ya shiga ofishin babban malami yana kaɗa ta kamar sammaci, ya ɓata wa ɗansa hanya. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Mu Shafa Wa Namu Ruwa

In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. A watan Janairu na 2019 aka sa hannu a dokar hana nuna bambanci ga masu naƙasa a Nijeriya, ta kuwa ce makarantun gwamnati su karɓi irin waɗannan yara, su kasance da ma'aikaci aƙalla guda wanda aka horar don kula da su. Masanan da ke iya duba otizim da 'yan'uwansa ƙalilan ne a ƙasar nan, mafi yawansu a manyan birane, saboda haka uban da ya zo da takarda, ya yiwu sai da ya yi tattaki zuwa Kano ko Kaduna ya kashe abin da ya tara. Waɗanda ba za su taɓa ganin likitan ba sun ninka masu takarda nesa ba kusa ba. In muka ɗauki al'adar sai da takarda, mun rufe wa kusan dukansu ƙofa.

Ko wane malami da ya daɗe a aji ya san yaran nan. Su ne waɗanda a ke kira masu taurin kai, ko a ce shafar aljanu ce, su ne kuma bulala ta fi sani. Muna roƙon malamai abu uku. Ku riƙa rubuta abin da kuka gani game da irin wannan yaro, da kwanan wata, domin littafinku shi ne rabin binciken likita. Kada ku liƙa wa yaro sunan wata lalura da kanku, wannan aikin masana ne. Ku fara sassauta masa tun yau. Manyan malamai kuma, in uba ya kawo takarda ku ba shi wurin zama, ku karanta, ku yi tambayoyin da muka zana a sama. Ku malaman ofishin ilmi, in fayil ɗin yaro ya zo teburinku, ku tuna ko wane wata da ya kwana a kabad wata ne da aka cire daga karatun mai shi, kada kuma ku ƙago sharaɗin da doka ba ta sa ba.

Yaro amana ne a hannun uba da malami da hukuma, dukansu kuwa za a tambaye su. Allah ya ba mu ikon riƙe amana, ya shirya mana zuriya, amin.